Haddar Malama Rabi a Ɗakin Kwamfuta

Cikin ranakun aikina, wadda har yau ba ta goge a raina ba ita ce ranar da shugaban sashe ya aiko a kira ni ofishinsa kan maganar Malama Rabi. Ku da kuka gaje ni a ɗakin kwamfuta kun sha tambayata labarin in kun zo gaishe ni gida, ni kuma sai in ba ku shi guntu-guntu, ga tukunya a wuta, ga yara suna jan zani. Yau na samu sarari, bari in rubuta muku shi daga tushe.

A lokacin ina zaune da maigidana a nan Talata Mafara, ina aiki a sashen kimiyyar kwamfuta na jami'a. Ga wanda bai san tsarin wurin ba, a sama akwai shugaban sashe, wanda a zamanina Farfesa ne. Ƙarƙashinsa malamai masu koyarwa. Sai ma'aikacin fasaha mai gyaran injuna in sun lalace. Sai ni a ƙasan kowa, mai kula da ɗaki, da takardar sakandare aka ɗauke ni. Aikina in buɗe ɗaki da safe, in share, in cire ƙyallayen da muke rufe kwamfutoci da su, in kunna, in hana shigowa da ruwa ko abinci, da yamma in mayar da komai yadda yake. Ranar jarrabawa ni ke binciken ɗalibai mata a bakin ƙofa, sannan in tsaya ciki har a tashi.

Darasin da ya jawo maganar sunansa Ƙa'idojin Harsunan Kwamfuta, 'yan shekara ta uku ake koya wa. Ni ban karanta shi ba, amma wanda ya daɗe yana share ɗaki ana lakca ba ya rasa abin da kunnensa ya tsinta. Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Akwai harsunan da aka ƙirƙira don a ba ta umarni, suna da yawa, wani sunansa harafi ɗaya tak, wani kuma sunan mesa gare shi. Jerin umarnin da mutum ya rubuta a ɗaya daga cikinsu shi ake kira furogiram. Sauran darussa harshe ɗaya suke koya maka. Shi wannan kuwa abin da ke ƙarƙashin harsunan duka yake nema: yadda ake ajiye abu a sa masa suna, yadda ake maimaita aiki, yadda ake zaɓar hanya ɗaya cikin biyu, da yadda ake miƙa wani ɓangare na aiki ga ƙaramin sashe ya yi ya dawo. Wanda ya kama waɗannan, in an kawo masa sabon harshe, ba ya daɗewa zai gane kansa.

Dakta Garba ke koyar da shi, mutumin Maradun, dogo siriri, mai barkwancin da yakan yi zafi. Jarrabawarsa a kan inji ake yin ta. Yakan kawo harshen da ɗalibai suka ɗan taɓa kaɗan, ya raba takarda ɗaya mai ɗauke da dokokinsa, ya ba da aiki. Rabin maki na aikin ne, rabi kuma na tambayoyin da zai bi kujera-kujera yana yi da baki bayan lokaci ya cika. Wanda ya kasa amsa tambayoyin kuwa ya faɗi, ko da aikinsa ya tashi. An amince da wannan tsari a taron sashe, kuma ana sanar da ɗalibai tun farkon zango. Darasin dole ne, kuma dokar lokacin ita ce wanda ya faɗi sau uku a sallame shi.

Malama Rabi ta riga ta faɗi sau biyu.

Malamar makarantar 'yan mata ce a Bakura, asalinta Dakko, ta girme ni da 'yan shekaru. Ma'aikatarsu ta ba ta hutun ƙaro ilimi don ta koma ta koyar da kwamfuta, kuma hutun zai ƙare da ƙarewar wannan shekarar karatu. Ta cinye sauran darussanta duka, wannan kaɗai ya tare mata hanya. In ta sake faɗuwa, za ta koma Bakura hannu rabbana bayan duk shekarun da ta yi tana biyo motar farko kowace safiya.

Mahaddaciyar Alƙur'ani ce tun tana budurwa, kuma Allah Ya ba ta ƙwaƙwalwar da ban taɓa ganin irinta ba. Abu in ta duba shi sau biyu ya zauna. Da wannan baiwa ta ci firamare, ta ci sakandare, ta ci kwalejin horon malamai. Da ta zo wurinmu, ita ta ci gaba da amfani da ita. Shekarar farko ta haddace duk furogiram ɗin da Dakta ya rubuta a allo, sai ya kawo jarrabawa a wani harshe. Shekara ta biyu ta ce ta gano dabararsa, ta haddace kowane ɗaya a harsuna uku. Ya kawo na huɗu. Yaran ajin, waɗanda yawancinsu ta haife su ko ta kusa, suka sa mata suna Gwana. In ta shigo sai wani ya ce, "A ba Gwana hanya, yau izu nawa anka ja?" Ba ta taɓa tanka musu ba.

A karo na ukun ne ta nemi izinin shugaban sashe ta riƙa shiga ɗaki da sassafe kafin lakca, aka ba ta. Haka muka saba. Takan iske ni ina shara, mu tsaya mu gaisa yadda ya kamata: an tashi lafiya, ina gajiya, yaya maigida, yaya ɗiya, yaya mutanen Dosara, don ta san can iyayena suke. Ni ma in tambayi nata har kan tsohuwarta da ke Dakko. Sai ta miƙo mini takarda ta ce, "Kulu, riƙe min, in na kauce ki tsai da ni." Sunana Hauwa'u, amma Kulu kowa ke kirana.

Sai ta zauna ta rufe ido tana ɗan rangaji, tana kawo furogiram daga sama har ƙasa, har da kowane ɗigo da kowace baka. Ni kuma ina bi da yatsa. Ban san ma'anar ko layi ɗaya ba, amma na iya duba ko abin da ta faɗa shi ne a rubuce. A wurina taimako nake yi, irin wanda kowace mace takan yi wa 'yar'uwarta mai tilawa.

Wata safiya muna cikin haka sai ga Dakta Garba, ya zo ɗaukar wata waya da ya manta. Ya yi sallama, ya tsaya yana saurare har ta kai ƙarshe.

Ya ce, "Makarantar allo anka buɗe a ɗakina ban sani ba?"

Malama Rabi ta miƙe ta gaishe shi. Ya amsa, ya karɓi takardar daga hannuna, ya ɗora yatsa a tsakiya.

"Malama, wanga layi, mi shika yi?"

Ta rufe ido ta fara daga layin farko, don ta gangaro ta iske shi.

"Ban ce ki ja daga sama ba. Wanga kaɗai. In na goge shi, mi za ya faru?"

Ta ƙura wa layin ido. Ni kuma na ji kunya ta kama ni, na sunkuya ina gyara tsintsiya.

Ya ce, "Malama Rabi, injin ga ba ya ba da ladan tilawa." Sannan ya juyo gare ni. "Malama Kulu, daga yau kada ki ƙara riƙe mata takarda. Ba shawara ce ba, umurni ne. Amma in kina son taimakonta, akwai aikin da za ki yi. Ke za ki zama injin."

Ban gane ba, sai ya yi bayani. Malama Rabi za ta ba ni umarni da Hausa, ni kuma in yi daidai abin da ta faɗa, kada in ƙara da hankalina, kada in rage. A lokacin ban cire ƙyallayen kwamfutocin layin gaba ba. Ya ce ta sa ni in cire su. Ya je ƙarshen layin ya ja kujera ya zauna.

Ta ce, "Kulu, cire ƙyallayen."

Ya ce, "Inji bai san ƙyallaye ba. Ɗai-ɗai shika aiki. Daga ina za ta fara?"

Ta yi tunani ta ce, "Tahi gun na farko. Ɗauke abin da ke bisa. Ninke. Aje gefe. Matsa gaba. Maimaita."

Na yi. Na ɗauke, na ninke, na ajiye, na matsa, har kwamfutoci suka ƙare. Abin da ke gabana a layi yanzu Dakta ne, zaune da hularsa a kai. Na tsaya.

Ya ce, "Mi ya tsai da ke? Ɗauke abin da ke bisa mana. Wa ya ce ki daina?"

Na rufe baki da gefen hijabi. Shi da kansa ya cire hular, ya ninke ta, ya ajiye a tebur, ya dubi Malama Rabi da sanƙonsa a waje. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda mutum bai shirya ba. Ya ce, "Kin gani? Kin faɗa mata ta maimaita, ba ki faɗa mata yaushe za ta tsaya ba. Layin da na nuna miki ɗazu, aikinsa ke nan. Shekara biyu kina karanta shi."

Daga ranar aikinmu na safe ya sauya. Duk abin da zan yi a ɗakin sai ta bakinta. Jera kujeru, ware masu karyayyar ƙafa, duba wace kwamfuta ce ta kama wuta wace ce ba ta kama ba. In ta manta ta ce in ajiye tsintsiya, haka zan ɗauki kujera da tsintsiya a hammata. In ta ce in kai karyayyar kujera gefe ba ta faɗi abin da zan yi da lafiyayya ba, sai in tsaya gaban lafiyayyar kamar gunki. Abin ya fi mini wuya fiye da yadda kuke zato, don zuciyata kullum tana so in cike mata giɓin da ta bari. Wani lokaci Dakta yakan leƙo. Da ya ji mahaifiyarta Bafulatana ce, ni kuma na tashi da maƙwabta Fulani ina ɗan ji, sai ya ce yau ta ba ni umarnin da Fulatanci, gobe da Turanci, jibi da Hausa. Kalmomi suna sauyawa, tsarin magana yana sauyawa, kujerun dai wuri guda suke zuwa. Bayan mun gama sai ta zauna gaban inji ta gwada rubuta abin da ta sa ni.

Tafiyar ba ta yi sauri ba. Abin da yaran ajin ke rubutawa kafin shayi ya huce, ita takan kai hantsi a kai, kuma sau da yawa ba ya tashi. Wata rana ta ce mini, "Kulu, da can in na shiga jarrabawa kaina cike yake. Yanzu in na leƙa ciki, wayam." Na ce ta yi haƙuri, Allah ba Ya tozarta mai ƙoƙari. Ta ce amin, amma ba da ƙarfi ba.

Da jarrabawa ta matso, tsoro ya ci ƙarfinta. Ta zo da tarin takardu, ta tattaro furogiram na shekarun baya, ta ce in riƙe mata sau ɗaya kawai.

Na ce, "Yaya Rabi, kin ji abin da Dakta ya ce."

"Dakta ba shi nan. Ni da ke ne."

"Allah na nan."

Ta dube ni. "To, ustaziya. In anka kore ni, ke kina da aikinki, ni ce zan koma in tsaya gaban ɗiyan mutane in ce musu na tahi na dawo ba komi."

Ta kwashe takardunta ta fita. Daga ranar ba ta ƙara zuwa da sassafe ba, kuma in mun haɗu a baranda "sannu" kawai take cewa ta wuce. Wanda ba ɗan nan ba ba zai ga komai a ciki ba. Mu da muka san mutum yakan tsaya ya tambayi gidanka kaf kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, mun san nauyin wannan sannu. Na kai kukana wurin Allah a sallolina, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Talata aka yi jarrabawar, garin cike da 'yan kasuwa, har wasu ɗalibai suka makara saboda cunkoson motoci. Na bincike ta a ƙofa kamar kowa, ba ta ce ba, ban ce ba. Dakta ya raba takardar dokokin harshe, ya rubuta aikin a allo. Siton hatsi ne. A rubuta furogiram da zai riƙe yawan buhunan da ke ciki, duk lokacin da aka fitar da wasu ya rage, ya nuna abin da ya saura. Sharaɗi shi ne ragewar ƙaramin sashe na dabam zai yi ta, irin sassan da Dakta ke kira 'yan dako, don ana miƙa musu aiki ne su yi su dawo.

Daga inda nake tsaye ina hangen gefen fuskarta. Ta karanta allo, ta rufe ido, leɓɓanta suka fara motsi, jikinta ya soma rangajin nan. Na san ta samu wani abu a cikin haddarta mai kama da wannan. Ta ɗora hannu a kan madannai. Sai kuma ta janye shi. Ta buɗe ido, ta jawo takardar dokoki ta karanta a hankali, ta juya bayanta ta fara zane da biro, tana nuna iska da yatsa kamar mai aiken wani. Ta daɗe a haka. Na kusa da ita har sun fara miƙa suna hamma, sannan ta fara bugawa, da yatsu biyu.

Lokaci ya cika tana kan gwadawa. Dakta ya ce kowa ya ɗauke hannu, ya fara zagaye. Wasu aikinsu ya tashi kuma suka amsa tambaya. Wasu ya tashi, amma da ya ce su nuna masa inda ragewar ke faruwa sai ido ya raina fata. Ya iso gare ta, ya sa buhu ɗari a sito, ya fitar da goma. Inji ya nuna saura ɗari. Ya fitar da hamsin. Saura ɗari.

Ya ce, "Ikon Allah. Malama, ina wanga sito yake, mu kwashe iyali mu koma can? Ana ɗiba ba ya raguwa."

Ajin ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Albarkar Gwana ce." Dakta ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Aikinki bai tashi ba. Kin san dalili?"

Ba ta rufe ido ba. Ta matsa kusa da gilashin kwamfutar, ta bi layukan da yatsa, ta sauka ta sake hawa. Ta koma takardar dokoki ta duba wani wuri. Can ta ce, a hankali, "Dakta, ɗan dakon na yin aikinai. Laihina ne. Yawan buhunan na faɗa mai da baki, ban ba shi makullin sito ba. Shina ta ragewa a kansa, in ya gama ya tahi da lissahinai, sito na nan yadda yake. A wancan harshe da munka saba, makulli aka miƙawa kai tsaye. A wanga, sai ka ce a ba shi."

Ya tsaya yana dubanta. Sannan ya ce ta maimaita da Turanci, da kalmomin darasi. Ta maimaita tana ɗan tuntuɓe. Ya yi rubutu a takardarsa ya wuce kujera ta gaba.

Kafin a kafe sakamako, tsarin shi ne malami ya miƙa maki ga shugaban sashe, shi ya duba ya sa hannu. A tsakanin nan magana ta fita cewa Malama Rabi ta haye. Wani ɗalibi da aikinsa ya tashi amma ya kasa bayani, kuma ya faɗi, ya kai ƙara. Ya ce ta yaya wadda aikinta bai tashi ba za ta ci, kuma kowa ya san ita da mai kula da ɗaki ƙawaye ne, tana shiga da sassafe ita kaɗai, wa ya san abin da aka nuna mata. Ban ga laifinsa sosai ba. Yaro ne, shi ma gida ake jiransa.

Ranar ke nan da aka aiko kirana. Na iske Farfesa a kujerarsa, Dakta Garba a gefe, Malama Rabi kuma zaune a benci a waje, ta sunkuyar da kai. Na durƙusa na gaishe su.

Farfesa ya ce, "Malama Kulu, tambaya ɗaya ce. Kin taɓa ganin tambayar jarrabawar nan kafin ranar, ko kin faɗa wa wani wani abu?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban gani ba. Ko na gani ma ban iya karanta ta. Abin da nika yi mata, tana aikena in jera kujeru, da izinin Dakta. Kuma kafin jarrabawa ta daina zuwa, don ta roƙe ni abin da anka hana ni, na ƙi. Har yau ba mu shirya ba."

Ya dubi Dakta, Dakta ya gyaɗa kai. Farfesa ya ce ya yarda da ni, amma ƙara an riga an kawo ta, kuma ba zai sa hannu a kan yarda kawai ba. Ya ce in shigo da ita, in kuma tsaya, tunda sunana na cikin maganar.

Ya buɗe kwamfutarsa ya ɗauko wani furogiram nasa na kansa, a harshen da ko Dakta ya ce bai koyar da shi a ajin ba. Ya juya mana baya ya ɓata wani wuri a ciki, sannan ya juyo da injin gabanta. Ya ce aikin furogiram ɗin tara makin ɗalibai ne ya fitar da jimilla, yanzu kuma shirme yake fitarwa. Ba ya son ta gyara. Ta nuna masa inda ciwon yake, ta faɗi dalili. In ta nuna, zai sa hannu. In ta kasa, zai soke makin bayani, kuma ta san abin da hakan ke nufi.

Ta yi bisimilla a fili ta ja kujera. Babu abin da za ta jawo daga ƙwaƙwalwa, don ba ta taɓa ganin rubutun ba. Ta tambayi Farfesa ma'anar wata alama, ya faɗa mata. Ta tambayi wata, ya faɗa. Ta fara bi layi-layi tana magana ƙasa-ƙasa da Hausa. Ta nuna wani wuri, ta ce a'a, ba nan ba ne, ta janye yatsa. Farfesa ya duba agogo. Aka kira sallar azahar a masallacin makaranta, babu wanda ya motsa. Ni dai ina tsaye jikin ƙofa ina karanta abin da ya zo bakina.

Sai ta koma can sama, kusa da farko, ta tsaya.

"Ranka shi daɗe, a nan anka ce a riƙa zuba maki a cikin wani abu mai suna jimilla. Amma ban ga inda anka fara wanke shi a ce babu komi ciki ba. Duk abin da anka iske a ciki, da shi aka tarawa. Akwai layin da ya kamata shi zauna nan, ba shi nan."

Farfesa ya jawo injin, ya mayar da layin da ya cire, ya danna. Jimilla ta fito daidai. Bai yi murmushi ba, ba mutum ne mai yawan fara'a ba. Ya jawo takardar maki ya sa hannu, ya ce mu je mu yi salla.

Maki mafi ƙanƙanta da ake hayewa da shi ta samu, don aikinta na ranar jarrabawa dai bai tashi ba, kuma babu wanda ya ƙara mata ko ɗaya. Ɗalibin da ya kai ƙara ya maimaita darasin, ya ci a shekara mai zuwa. A masallacin mata, bayan mun sallame, ta juyo ta kama hannuna ta nemi gafara, ni ma na nemi tata. Na ce mata ban ji daɗi ba da makin ya zo ƙasa haka, ita da ta saba zama ta ɗaya.

Ta ce, "Bari, Kulu. Tun ina firamare nika kwasar maki, ban taɓa sanin ta inda sunka hito ba. Wanga na san inda na samo kowane ɗaya."

Ta koma Bakura da shaidar digirinta, tana can tana koyarwa. Ni kuma bayan haihuwata ta uku na ajiye aiki.

Abin da na ɗauka a wannan lamari ba shi da yawa. Hadda ni'ima ce babba, kuma an yi ta ne don Maganar da ba a sauya mata ko wasali. Aikin mutanen kwamfuta kuwa kullum cikin sauyawa yake, harshen da ake yayi bana baɗi an kawo wani, don haka ba sa tsayawa ga abin da ka riƙe, sai sun ji ko ka san dalilinsa. Bakinsu yakan yi kaifi, kuma ba sa rangwame, har sabon zuwa ya ɗauka ba su da tausayi. Na zauna da su na ga ba haka ba ne. Sun saba da injin da ba ya cike wa kowa giɓi, shi ya sa su ma ba sa cikewa. Za ku ga ɗalibai a ɗakin nan suna kuka gaban gilashi, zuciyarku za ta ce ku sauƙaƙa musu. Ku ba su ruwa a waje, ku yi musu addu'a, ku bar su su koma su zauna.